Maki 130: yadda kotun Niyok ta auna haɗarin Jeffrey Epstein a 2011

Ranar 18 ga Janairun 2011 aka kira wata ƙara a gaban Mai Shari'a Ruth Pickholz a Manhattan, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka. Babu wanda ya zo don a kama shi da laifi ko a wanke shi. Wanda ake magana a kansa, hamshaƙin attajirin nan Jeffrey Epstein, ya riga ya amsa laifinsa a jihar Fulorida, ya yi zaman gidan yarinsa ya fito. Tambaya ɗaya ce rak a gaban kotun: a wane mataki za a rubuta sunansa a rajistar masu laifin lalata ta jihar Niyok, na ɗaya, na biyu ko na uku?

Hukumar jihar da ke tantance irin waɗannan masu laifi ta riga ta duba takardunsa, ta ba shi maki 130, ta ce mataki na uku ya dace da shi, wato na waɗanda aka fi jin tsoron za su sake. Lauyoyinsa suka ce na ɗaya. Wannan aikinsu ne, don shi aka biya su. Abin da ya ɗaure wa alƙaliyar kai shi ne da mai gabatar da ƙara ta gwamnati, Jennifer Gaffney, mataimakiyar shugabar sashen laifukan lalata a ofishin Cyrus Vance Jr., babban mai gabatar da ƙara na Manhattan a lokacin, ta miƙe ta ce ita ma mataki na ɗaya take nema masa. Pickholz ta faɗa mata a gaban kowa cewa ba ta taɓa ganin ofishin masu gabatar da ƙara ya yi irin wannan ba, kuma ta sha zama kan shari'o'in da ba su kama ƙafar wannan wajen muni ba, amma gwamnati ba ta taɓa roƙon sassauci a cikinsu ba.

Kafin a gane abin da aka ja a kansa a ranar, sai an koma Palm Beach, garin masu hannu da shuni a gaɓar tekun Fulorida. A watan Maris na 2005 wata mata ta kai wa 'yan sanda ƙorafi cewa an kai 'yar mijinta mai shekara 14 gidan wani attajiri, an ba ta dala 300. 'Yan sanda suka bi sawu fiye da shekara guda. Abin da suka tono tsari ne mai maimaita kansa: a kawo yarinya 'yar makarantar sakandare da sunan za ta yi tausa, a haura da ita sama, tausa ta rikiɗe ta koma lalata, a sallame ta da dala 200 ko 300, sannan a ce mata in ta kawo ƙawarta akwai wani kuɗin. Sun ɗauki bayanan 'yan matan cikin rantsuwa, a kan faifai. Sun binciki gidan. A watan Mayun 2006 suka haɗa takardar rantsuwa mai ɗauke da hujjojinsu suka miƙa.

Daga nan lamarin ya fara tsukewa. Mai gabatar da ƙara na yankin, Barry Krischer, ya kai batun gaban kwamitin 'yan ƙasa da ke tantance tuhuma, kwamitin ya fito da tuhuma ɗaya tak, ta neman karuwa. Shugaban 'yan sandan garin, Michael Reiter, bai gamsu ba, ya miƙa wa hukumar FBI. Masu binciken tarayya suka gano 'yan mata sama da 30. Amma a watan Satumban 2007 ofishin lauyan gwamnatin tarayya na kudancin Fulorida, ƙarƙashin Alexander Acosta, ya ƙulla yarjejeniya da lauyoyin Epstein cewa tarayya ba za ta gurfanar da shi ba in ya amsa laifi a kotun jiha. Ranar 30 ga Yunin 2008 ya amsa laifi biyu, neman karuwa da jawo wadda ba ta kai shekara 18 ba cikin karuwanci. Aka yanke masa wata 18, ya yi kimanin 13, kuma a mafi yawansu ana barinsa ya fita ofishinsa har awa 12 a rana, kwana shida a mako. A cikin abin da ya amsa akwai sharaɗin yin rajista a matsayin mai laifin lalata. Da yake yana da katafaren gida a titi na 71 a Manhattan, dokar Niyok ta hau kansa.

Ita wannan doka tana da tarihi mai ɗaci. A watan Yulin 1994 wani maƙwabci ya yi wa Megan Kanka, 'yar shekara bakwai, fyaɗe ya kashe ta a jihar New Jersey. Sau biyu an taɓa kama mutumin da laifin lalata da yara, iyayenta kuma ba su sani ba, ga shi gidansa na kallon nasu. Daga nan jihohin Amurka suka yi ta kafa dokokin sanar da jama'a. Ta Niyok ta fara aiki a Janairun 1996. Sai dai masu rubuta ta sun san cewa in aka zuba kowa a kwando ɗaya, saurayin da ya yi laifi sau ɗaya da wanda ya mai da farautar yara sana'a za su zama ɗaya a idon jama'a, 'yan sanda kuma ba za su san wanda za su fi sa wa ido ba. Shi ya sa aka yi matakai uku, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Ɗan mataki na ɗaya shekara 20 zai yi a rajista, sunansa ba ya fitowa a shafin intanet na jihar, sai wanda ya buga waya ya ambaci sunansa da wata shaida tasa za a gaya wa. Na biyu da na uku rajistarsu ta har abada ce, ko da yake na biyu na iya roƙon kotu ta cire shi bayan shekara 30, kuma hotunansu da adireshinsu suna nan a intanet kowa ya gani. Na uku kuwa, ban da wannan, dole ya kai kansa ofishin 'yan sanda duk bayan kwana 90 ya tabbatar da inda yake zaune, a kuma sabunta hotonsa kowace shekara. Ga mutumin da ke karɓar manyan baƙi a gidansa, yake ba jami'o'i kyautar kuɗi, yake son a manta, tazarar da ke tsakanin ɗaya da uku ita ce komai.

To, da wane mudu ake awon? Takarda ce mai gurbi 15, kowane gurbi da makinsa. Bakwai na farko kan laifin kansa suke. In an yi amfani da ƙarfi, maki 10. In an ji wa wanda aka cuta rauni, 15. In da makami, 30. Taɓawa ta saman tufafi maki 5 ce, ta ƙarƙashin tufafi 10, saduwa 25. In mutum biyu aka cuta, 20; uku ko fiye, 30. In an yi ta maimaitawa da mutum ɗaya na tsawon lokaci, 20. In shekarun wanda aka cuta tsakanin 11 da 16 ne, 20. In 10 ne zuwa ƙasa, ko 63 zuwa sama, 30. In mai taɓin hankali ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, 20. In baƙo ne ga mai laifin, ko an ƙulla alaƙar ne don a cuce shi, 20. Gurbi huɗu na gaba tarihin mai laifin suke dubawa: ko ya fara tun yana shekara 20 ko ƙasa, irin laifukan da ya taɓa yi, ko na bayan nan bai kai shekara uku ba, da shaye-shaye. Huɗun ƙarshe kuma halinsa bayan laifin: ya karɓi laifinsa ko yana ta kame-kame, yaya ya zauna a gidan yari, akwai mai sa masa ido bayan ya fito, ina zai zauna kuma wane aiki zai yi. Jimilla ba ta wuce 300. Daga sifili zuwa 70 mataki na ɗaya, 75 zuwa 105 na biyu, 110 zuwa sama na uku. Akwai kuma abubuwa huɗu da ke kai mutum na uku kai tsaye ko makinsa nawa ne: ya taɓa yin babban laifin lalata a baya, ya yi mummunan rauni ko kisa, ya yi barazanar sakewa kwanan nan, ko likitoci sun tabbatar yana da larurar da ke hana shi kame kansa.

Ita hukumar tantancewar, shawara kawai take bayarwa. Alƙali ne ke yanke mataki, bayan zaman da mai laifin ke da haƙƙin lauya, haƙƙin da wata kotun tarayya ta tilasta wa jihar a 1998. Nauyin kawo hujja yana wuyan gwamnati, kuma hujjar dole ta zama bayyananniya mai gamsarwa, wato ta fi ta shari'ar bashi ko gado nauyi amma ba ta kai ta ɗaure mutum ba. Wani abu mai muhimmanci shi ne ba sai an kira wadda aka cuta ta sake tsayawa gaban wanda ya cuce ta ba. Kotu na iya karɓar bayanin da aka ɗauka daga bakinta a baya, muddin an ɗauke shi ta hanyar da za a amince da ita. Kotun ƙolin jihar ta fayyace wannan a 2009.

Yanzu a ɗora Epstein kan wannan mudu. Mutum ne da ya haura shekara 50, ba a taɓa ɗaure shi ba kafin wannan, an san shi da ƙin giya da ƙwaya. Gurabun tarihi ba su da abin kirki da za su kama a jikinsa. Kusan duk nauyinsa yana cikin gurabun laifin: 'yan mata nawa, shekarunsu nawa, me aka yi musu, sau nawa, ta yaya aka same su. Amsar kowace tambaya kuwa ta dogara ne da takardar da aka buɗe. In takardar hukuncin kotun Fulorida ce, labarin gajere ne. In takardar rantsuwar 'yan sandan Palm Beach ce, jerin yara ne. Gurbin yawan waɗanda aka cuta shi kaɗai maki 30 ne, mai 130 in aka zare masa shi ya sauko 100, ya bar mataki na uku ke nan. A ci gaba da zare duk abin da ya fito daga bakin 'yan matan da ba a tuhume shi a kansu ba, sai a wayi gari yana ƙasa da 70.

Wannan hanyar Gaffney ta bi, kuma gaskiya ba daga iska ta ɗauko ta ba. A cikin littafin ƙa'idojin hukumar akwai wurin da ya ce kama mutum ko tuhumarsa kaɗai ba hujja ba ce cewa ya aikata, kuma rashin tuhumarsa da wani laifi na iya zama hujja mai ƙarfi cewa laifin bai auku ba. Ƙa'ida ce mai kyau a wurinta, tana kare mutum daga a ɗora masa zargin da masu bincike suka duba suka ga babu komai a ciki. Sai Gaffney ta ce tun da Fulorida ba ta tuhume shi kan sauran 'yan matan ba, kuma abin da ta samu shi ne ba su ba masu gabatar da ƙara haɗin kai ba, ofishinta ba zai iya dogara da takardar 'yan sanda ba. Pickholz ta yi ta yi mata tambayoyi kan wa ta tuntuɓa a Fulorida da abin da aka gaya mata, amsoshin ba su gamsar da ita ba, har ta ce ba ta ga alamar an yi wani binciken kirki ba. Lauyoyin Epstein suka kawo tasu: ainihin mazauninsa a tsibiran Virgin na Amurka yake, gidan Niyok na hutu ne, zuwa duk kwana 90 zai zame masa wahala. Alƙaliyar ta ce in ba ya son zuwan, yana iya rabuwa da gidan. Ta bar maki 130 yadda hukumar ta rubuta, ta sa shi a mataki na uku.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A ganina abin da ya faru ke nan a ranar. Ɓangarorin biyu da aka saba gani suna ja-in-ja sun haɗa baki, hanya mafi sauƙi ga kowane alƙali ita ce ya sa hannu a kira ƙara ta gaba. Da ta yi haka, da babu mai ɗaukaka ƙara, domin babu wanda aka kayar, kuma da wuya wani ya sake buɗe fayil ɗin. Waɗanda abin ya shafa ba sa cikin ɗakin, ba su da lauya a wurin, wataƙila ba su ma san ana zaman ba. Bayanansu ne kawai a kan tebur, kuma mutum ɗaya ce ta dage sai an ƙirga su.

Epstein ya ɗaukaka ƙara. A wannan karon ofishin Vance ya sauya baki, ya goyi bayan mataki na uku, daga baya kuma ya ce matsayin farko kuskure ne. A watan Nuwamban 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin Pickholz ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba. Hukuncin gajere ne, amma ya taɓa ainihin wurin. Alƙalan sun ce takardar 'yan sandan abin dogaro ce, saboda an gina ta kan bayanan rantsuwa da aka naɗa, bayanan 'yan matan suna da dalla-dalla kuma suna gaskata juna, wasu hujjojin ma sun dace da abin da suka faɗa, har da maganganun da aka ji daga cikin masu taimaka masa waɗanda ke cutar da mai faɗinsu, abin da mutum ba ya yi haka kawai. Game da ƙa'idar rashin tuhuma, sun ce ƙarfin hujjar cewa laifukan sun auku ya rinjayi duk abin da za a iya fahimta daga yadda aka tafiyar da shari'ar a Fulorida. Sun kuma yi watsi da ƙorafin cewa alƙaliyar ta nuna son zuciya, da cewa gwamnati ba ta da damar sauya matsayi.

Wannan gaɓa ce ta fi tsaya mini a rai, domin mu ma mun san ta. Sau nawa ake yi wa yarinya fyaɗe a unguwa, a kai maganar caji ofis, kafin sati ya zagayo dattawa sun shiga tsakani, an ce a rufa asiri don kada ta rasa mijin aure, iyaye su janye ƙara? Ranar da aka kama mutumin da yarinya ta huɗu, takardar kotu za ta nuna wannan ne karonsa na farko. Najeriya ta ƙaddamar da rajistar masu laifin lalata ta ƙasa a Nuwamban 2019 a hannun hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, bisa dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, bayan jihohin Ekiti da Legas sun riga sun buɗe nasu. Duk ranar da aka zo maganar bambanta mai haɗari sosai da wanda bai kai shi ba, tambayar da aka yi a Manhattan za ta taso: me za a yi da ƙarar da aka janye, da bayanin da aka rubuta a caji ofis aka ajiye? Abin da kotun Niyok ta yi shi ne ta ƙi ɗaukar janyewa a matsayin wankewa, ta kuma ƙi ɗaukar zargi a matsayin hujja, ta zauna ta duba yadda aka ɗauki kowane bayani da abin da ke gaskata shi.

Kada a ɗauka mudun kansa ba shi da aibi. Tun 1996 ba a yi masa wani gyara mai yawa ba, kuma lauyoyi da masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna cewa ba a taɓa gwada shi a kimiyyance an ga ko mai maki da yawa shi ne ke sake laifi ba. Wani alƙalin Manhattan, Daniel Conviser, ya yi dogon rubutu kan haka a wani hukunci na 2010. Akwai ma'aunin da masu bincike Karl Hanson da David Thornton suka fitar a 1999, mai suna Static-99, wanda aka gina ta hanyar bin bayan fursunonin da aka saki a ga su wa suka koma, kuma wasu abubuwan da ya gano sun saɓa wa takardar Niyok. Misali, tsufa na rage yiwuwar sakewa, amma takardar Niyok ba ta rage wa dattijo ko maki ɗaya. Yawancin makinta munin abin da aka riga aka yi suke aunawa, alhali tambayar da doka ta yi kan abin da zai iya faruwa gobe ce. Shi ya sa aka bar wa alƙali ƙofar hawa sama ko sauka ƙasa da abin da maki ya nuna in akwai dalilin da takardar ba ta kama ba, kuma a 2014 kotun ƙolin jihar ta ce mai neman a sauko da shi rinjayen hujja kawai ake bukata daga gare shi. Talaka mai lauyan gwamnati da ke riƙe da fayil ɗari ba kasafai yake cin moriyar wannan ƙofa ba. Dokar tarayya ta 2006, mai ɗauke da sunan Adam Walsh, ta bi wata hanyar dabam, tana raba matakai bisa sunan laifin da aka ɗaure mutum a kansa. A shari'a irin ta Epstein, inda aka sassaƙe sunan laifin tun a teburin sasantawa, wannan hanya tana miƙa awon ne ga waɗanda suka yi cinikin. Jihar New Mexico, inda yake da makeken gidan gona, takardar hukuncin Fulorida ta duba, ta ga shekarun yarinyar da ke ciki ba su yi ƙasa yadda dokarta ta tanada ba, ta ce ba sai ya yi rajista ba.

Saura batun kwana 90. Daga Janairun 2011 zuwa tsakiyar 2019 ya kamata a ce Epstein ya kai kansa gaban 'yan sandan Niyok sama da sau 30, kuma ƙin zuwa babban laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. A Yulin 2019 jaridun birnin suka bankaɗo cewa bai je ko sau ɗaya ba. Rundunar 'yan sandan ta kare kanta da cewa ya mai da mazauninsa tsibiran Virgin, saboda haka sa masa ido ba ya wuyanta, wato hujjar da lauyoyinsa suka kawo a 2011 alƙaliya ta ƙi karɓa. Sunansa da hotonsa suna shafin jihar a mataki na uku duk tsawon shekarun nan, yana shiga gidan titi na 71 yana fita, manyan mutane suna zuwa cin abinci.

A Nuwamban 2018 'yar jarida Julie K. Brown ta jaridar Miami Herald ta nemo 'yan matan Palm Beach, waɗanda a lokacin sun zama manyan mata, wasunsu suka yi magana da sunansu da fuskarsu. A Fabrairun 2019 alƙalin tarayya Kenneth Marra ya yanke cewa masu gabatar da ƙara sun karya doka da suka ɓoye musu yarjejeniyar 2007. Ranar 6 ga Yuli aka kama Epstein a filin jirgin sama na Teterboro da ke jihar New Jersey, masu gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan suka tuhume shi da safarar ƙananan yara don lalata a gidansa na Palm Beach da kuma na titi na 71. Acosta, wanda a lokacin shi ne sakataren ƙwadago na Amurka, ya ajiye aiki a cikin watan. Kotu ta hana beli, ta ce sakinsa haɗari ne ga jama'a. Ranar 10 ga Agustan 2019 aka tarar da shi matacce a ɗakinsa na gidan yari, kafin a fara sauraron shaidu.